Wasiƙa daga Hamilton, cikin sanyin Yuli

Assalamu alaikum, aminiyata.

Da fatan kina lafiya, da maigida da yara da Inna. Ki yafe min shirun nan. Awa 11 ne tsakaninmu, ina tashi da safe ku kuna shirin kwanciya. Ga shi yanzu da kuke cikin damina mu nan Niyu Zilan hunturu ake, sanyi mai shiga ƙashi.

Kin tambaye ni ko karatun nan ya biya wahalar barin gida. Bari in ba ki labarin ranar farko da aka tura ni aikin gwaji a wata makarantar reno. Na shiga ina neman allo, babu. Sai na hango wani yaro ɗan shekara huɗu da guduma ta gaske da ƙusa, yana buga katako. Wallahi saura kaɗan in fizge ta. Malamarsu kuwa ta tsuguna gefensa, ba ta ce uffan ba, har ƙusar ta lanƙwashe sau uku, ya je da kansa ya canzo gajera. Da yamma ta rubuta masa labarin abin da ya faru kamar wasiƙa, ta liƙa hotonsa, ta sa a kundinsa don iyayensa su karanta su ƙara nasu. Haka suke auna yaro a nan. Ba maki, ba na ɗaya ba na ƙarshe. Na tuna yadda ni da ke muke kwana muna haɗa sakamakon jarrabawar 'yan shekara uku, sai da na yi dariya ni kaɗai.

Manhajarsu sunanta Te Whāriki, ta fito a 1996, aka sabunta ta a 2017. Kin san ma'anar sunan da harshen Maori, 'yan asalin ƙasar nan? Tabarma. Wai kowace makaranta ta saƙa tata da iyaye da mutanen unguwa, ta isa kowane yaro ya tsaya a kai. A nan Jami'ar Waikato Margaret Carr da Helen May suke lokacin da suka tsara ta tare da Tilly Reedy da Tamati Reedy daga ɓangaren Maori.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne Kōhanga Reo. A 1982, da dattawan Maori suka ga harshensu na neman ɓacewa, sai suka buɗe gidajen reno inda kakanni ke zama da jarirai, ba a magana sai da Maori. A 1987 harshen ya zama na hukuma. Mu kuma da Allah ya ba mu harshen da miliyoyi ke yi, tarar banakula muke karɓa a hannun yaran da ko fitsarin kwance ba su daina ba, alhali tun muna kwalejin ilimi aka karantar da mu cewa da harshen uwa ake fara koyar da ƙananan yara. Mun rubuta a jarrabawa, mun ci, mun ajiye shi a can.

Wata malama 'yar Maori ta ce in rera wa yara waƙar da nake yi wa ɗalibaina da harshena. Aminiya, shekara goma ina koyarwa, na laluba kaina kaf, ba abin da ya zo sai waƙoƙin Turanci. Na yi 'yan kame-kame na ce sai wani makon. Kunyar ranar har yau ba ta sake ni ba.

Kada ki ɗauka zan dawo ina cewa a yi yadda suke yi. A makarantun wuni na nan, doka ta ce babba ɗaya ga yara goma idan sun kai shekara biyu, kuma gwamnati na tallafa awa 20 a mako ga yaro daga shekara uku. Ke kina fama da aji maƙil ke kaɗai, ga iyaye da ke zuwa da faɗa in yaro bai koma gida da aikin gida ba. Wa zai ba su guduma? Sai dai ba komai ne ke cin kuɗi ba. Ki gwada gayyato tsohuwa ɗaya duk Alhamis ta yi musu tatsuniya da kacici-kacici. Ki zaɓi yara biyar a zangon nan ki rubuta wa kowanne ɗan labarinsa da Hausa, ki ga fuskar uwarsa in ta karanta.

Batun digirin da kike ta ɗagawa kuma, ki sayi fom ɗin bana, ko na hutu ne. Takardar NCE ta kai mu inda za ta kai mu.

Sai roƙona. Don Allah in kin je wajen Inna ki ɗauko min muryarta a waya, waƙar rarrashi da ta gaɗa, ko guda uku ne, ki turo ta WhatsApp kafin Laraba. Malamar nan ba ta manta ba, jiya ma sai da ta tuna min.

Taki har kullum,
Ƙawarki