Wa ke duba batirin da ke cikin sabar asibitocinmu da ofisoshinmu?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Edita dan Allah ka ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana da masu asibitoci da shugabannin makarantu da ma'aikatu, kai har da ƴan kasuwa masu manyan shaguna, duk wanda dai ya san akwai wata saba, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutoci ke dogara da ita, a wani ɗaki a wajensa da ake zuba bayanan jama'a a cikinta. Ni sana'ata kenan, na daɗe ina haɗa sabobi da gyaransu a Kano da kewaye, kuma abin da ya sa na zauna nake rubutun nan wani aiki ne da aka kira ni watan jiya wanda har yau bai bar raina ba.

Wani asibiti ne mai zaman kansa, ba zan kama suna ba. Suna da saba ta hannu irin tokumbon nan da ake kawowa daga Legas, fayafan ajiye bayanai 4 ne a cikinta an haɗa su a tsarin RAID 5. Ranar an ɗauke wuta da hantsi, UPS ɗinsu batirinsa ya daɗe da gajiya ko minti 2 bai riƙe ba, kafin mai gadi ya tada janareta saba ta riga ta mutu. Da ta dawo sai manhajar da ke riƙe da fayil ɗin marasa lafiya ta ƙi buɗewa sam. Lokacin da na isa na tarar da wata baiwar Allah da ɗanta mai sikila a zaune, likita yana tambayarta wane magani aka rubuta masa zuwan baya da nawa jininsa yake, ita kuma tana ta ƙoƙarin tunawa, wallahi wannan shi ne ya tsaya min a rai fiye da injin.

Da na buɗe sabar abu biyu na gani. Faifai ɗaya fitilarsa ta koma ruwan lemo, kuma tarihin na'urar ya nuna ya fi wata 5 da faɗuwa ba wanda ya kula. Na biyu kuma shi ne ainihin abin da ya kawo ni, ɗan batirin da ke maƙale da katin da ke sarrafa fayafan ya kumbura suntum, ya daɗe da mutuwa.

Bari in ɗan yi bayani saboda waɗanda ba harkarsu ba ce, tunda su ne ke sa hannu a takardar sayen kayan. Wannan dabara ta RAID wasu masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Bakili a Amurka ne suka raɗa mata suna, Patterson da Gibson da Katz, a 1988 suka fitar da bincikensu, manufar ita ce a haɗa fayafai da yawa masu arha su yi aiki kamar guda ɗaya yadda in ɗaya ya mutu ba za a rasa komai ba. To wanda ke jan ragamar fayafan shi ne katin nan, kontirola muke ce masa, na Dell sunansa PERC, na HP kuma Smart Array, akwai MegaRAID na LSI da yanzu ya koma hannun Broadcom. Duk bayanin da zai shiga faifai ta hannunsa yake bi. Kuma yana da wata ƴar ma'ajiya tasa mai sauri sosai, in manhaja ta miƙo masa rubutu sai ya karɓa ya ajiye a nan ya ce mata an gama ci gaba da aikinki, alhali bai kai kan faifai ba tukuna, daga baya yake kaiwa. Ni ina kiran wannan rubutun bashi. Shi ne sirrin saurin saba, amma fa ma'ajiyar nan da wuta take rayuwa, wuta na yankewa duk abin da ke ciki ya tafi. Shi ya sa aka maƙala masa batir, don ya riƙe bashin har wuta ta dawo ya biya.

In batirin ya mutu katin ba wawa ba ne, da kansa yake daina cin bashi ya koma kuɗi hannu, wato ba zai ce an rubuta ba sai ya ga ya sauka kan faifai. Lafiya lau ne ta fuskar tsaro sai dai saba za ta yi nauyi, ma'aikata su fara ƙorafi wai kwamfuta tana ja. A asibitin nan abin da ya faru kenan, aka kira wani ya duba, maimakon ya ce a sayi batir sai ya shiga saitin katin ya tilasta masa ci gaba da rubutun bashi ko babu batir, ai akwai wannan zaɓin a ciki. Nan take saba ta dawo tana gudu kowa ya ji daɗi aka sallame shi. Ranar da wuta ta yanke abin da ke ma'ajiyar ya ɓace, ga shi dama faifai ɗaya ba ya nan, lissafin cike gurbin da RAID 5 ke dogaro da shi, wanda da shi ake dawo da abin da ke kan faifan da ya mutu, ya zama rabi sabo rabi tsoho, to da me za a gyara? Ina roƙon ƴan uwana masu wannan sana'a su ji tsoron Allah a kan wannan saitin, a ƙasar da ake ɗauke wuta sau nawa a yini bai kamata hannun mutum ya je wajen ba ko da oga ya matsa.

Kuma Edita mu a nan Arewa batirin nan ba ya yin kwanan da yake yi a Turai. Zafi ne babban abokin gaban batirin litiyam, mu kuwa a watan Afrilu Kano tana haura digiri 40, ɗakin sabar sau da yawa sito ne aka mayar, AC ɗin ana kashe shi da an tashi aiki don a rage shan dizal, ga ƙurar hunturu tana toshe fanka. Sabar tokumbo kuma ta riga ta yi shekaru tana aiki a can kafin ta zo, batirin da ke ciki na asali ne. Ko da sabo ne dal, irin waɗannan batura kwana 2 zuwa 3 ne iyakar abin da za su riƙe. Kowa ya tuna watan Oktoban 2024 lokacin da layin wutar Shiroro zuwa Kaduna yake lalace sannan na Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya faɗi, jihohin Arewa suka shafe fiye da mako cikin duhu. Duk sabar da ta mutu bagatatan a lokacin aka rufe ofis aka tafi, bashin da ke kanta ya bi ruwa ko da batirin yana da lafiya.

Maganin wannan ya daɗe da fitowa. Katunan baya-bayan nan kafasita, wata ƴar na'ura mai riƙe caji na ɗan lokaci, suke amfani da ita tare da ƙwaƙwalwa irin ta filashi, wuta na yankewa kafasitar za ta ba da ƙarfi na ƴan daƙiƙu a kwashe komai a zuba cikin filashin, daga nan ko wata nawa aka yi yana nan. HP suna da shi, LSI suna kiran nasu CacheVault. Wanda zai sayi saba ya tambayi wannan kafin ya tambayi girman faifai. Wanda kuma tsohon kati ne da shi ya sa sayen batir cikin kasafin kuɗi kamar yadda ake sa man janareta. Sannan a sani tsofaffin katunan Dell duk kwana 90 suna sauke cajin batirin da gangan don su auna lafiyarsa, a ƴan awannin nan saba takan yi nauyi, ba lalacewa ta yi ba a ƙyale ta ta gama.

Sai maganar RAID 5 kansa. Na san dalilin da ya sa ake son sa, fayafai 4 masu terabayit 4 za su ba ka 12, faifai ɗaya kawai ka sadaukar. Amma a lissafa ranar da ɗaya ya mutu aka sa sabo, dole katin ya karanta sauran ukun kakaf daga farko har ƙarshe, terabayit 12 kenan, kuma ko da sabon faifan yana rubuta megabayit 150 a daƙiƙa ba tsayawa sai ya haura awa 7 kafin ya cika terabayit 4 ɗinsa, in ana aiki da sabar a lokacin kuwa yana iya kai kwanaki. Su kansu kamfanonin a takardar fayafan gida suna rubuta cewa ana iya samun wuri ɗaya da ba zai karantu ba a cikin kusan terabayit 12 da rabi, gaskiya yawanci fayafan sun fi haka nagarta, amma ka ga yadda lambobin biyu suka yi kusa da juna ai. Ga shi fayafan rana ɗaya aka saye su, zafi ɗaya suka sha, sa'annin juna ne. Ni yanzu duk inda bayanan mutane suke RAID 6 nake ba da shawara wanda ke jure mutuwar fayafai biyu, in kuma manhaja ce mai yawan ƙananan rubuce-rubuce irin ta asibiti ko wajen karɓar kuɗi to RAID 10, inda kowane faifai ke da tagwayensa, ya fi sauri, don shi kowane rubutu sau 2 ake yi, a RAID 5 aiki 4 ne, a RAID 6 kuma 6. Sannan a bar faifai ɗaya a ciki a matsayin safaya yadda katin zai ɗauke shi da kansa ko da tsakar dare ne.

Wani abin kuma irin faifan. Ana zuwa kasuwa a sayo faifan kwamfutar tebur a cusa a saba saboda ya fi arha. Shi faifan gida in ya ci karo da wurin da ya lalace yana iya daɗewa yana ta gwadawa, kontirola kuma ba ya jira sai ya ɗauka ya mutu ya fitar da shi daga sahu alhali lafiyarsa ƙalau, na saba kuwa daƙiƙa 7 yake yi ya sanar da katin a cike daga sauran. Akwai kuma masu tsarin SMR da ake jera layukan rubutu wani kan wani kamar kwanon rufi, suna wahala sosai wajen sake gina bayanai bayan an canza faifai, a 2020 ma sai da Western Digital suka amsa cewa wasu fayafansu na Red masu terabayit 2 zuwa 6 irin wannan ne bayan masu saye sun yi ta ƙorafi. A duba lambar faifai kafin a biya.

Amma duk wannan kayan ƙarfe ne, abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne ba mai dubawa. Katin yana da tsarin da yake zagayawa yana karanta fayafai a hankali don ya gano wurin da ya fara lalacewa tun akwai halin gyarawa, yana iya tura saƙon imel, wasu ma har ƙara suke yi, na sha zuwa wuri in tarar an kashe ƙarar wai tana damun mutane. Kuma ba kullum faifai ke yin gargaɗi ba, binciken da Google suka fitar a 2007 a kan fayafansu sama da dubu 100 ya nuna kusan kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama ba kafin nan. Ke nan dole a samu mutum ɗaya da sunansa yake rubuce cewa shi ne zai leƙa ɗakin nan duk mako ya kalli fitilu ya buɗe tarihin katin. Shi kansa katin yana mutuwa, in babu irinsa a ajiye sai a zauna jiran saƙo daga Legas ko waje fayafai na nan lafiya amma ba mai karanta su, wannan ne ma ya sa a ƙananan wurare wani lokaci nake zaɓar ZFS ko mdadm na Linux, manhajojin da ke yin aikin katin, tunda su kowace kwamfuta za ta iya ɗaukar fayafan.

Kuma dan Allah a daina cewa muna da RAID ba ma buƙatar kwafi. In ma'aikaci ya goge fayil ko ƙwayar cutar kwamfuta ta masu neman kuɗin fansa ta shiga ko gobara ta tashi, duk fayafan tare za su tafi. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin kare su daga ɓacewa, ba sata kaɗai ba.

A asibitin nan kwafi na ƙarshe da muka samu na wata 3 baya ne a wani faifan waje cikin durowar akawu. Mun yi kwana 4 muna tsamo abin da zai tsamu, mun dawo da mafi yawa, amma sakamakon gwaje-gwaje na makonnin ƙarshe sai da ma'aikatan lab suka koma rijistar takarda suna shigarwa da hannu, wanda ba a rubuta a takarda ba kuma sai dai aka sake kiran mutane a ɗebi jini. Batirin da aka ƙi saye kuɗinsa bai kai dizal ɗin da suke ƙonawa a kwana 2 ba. Yanzu an sa sabo, na mayar da saitin yadda yake, mai asibitin kuma ya sa wata ma'aikaciyar rikod tana leƙa ɗakin duk ranar Litinin tana turo min hoton fitilun ta WhatsApp.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai gyaran saba da kwamfuta, daga Kano