Amsa ga ƙanina da ya tambaye ni ma'anar cogent

Salamu alaikum ƙanina. Ranar Asabar a wurin taron tsofaffin ɗalibai ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni me cogent take nufi, don oganku ya ba ka takardar tuhuma kan fashin aiki na kwana 3 ya ce ka kawo cogent reason. Lokaci ya ƙure ban amsa maka yadda ya kamata ba, to ga amsar nan kowa ya amfana.

Kojent ake furta ta, g ɗin kamar j. Kuma don Allah a daina haɗa ta da urgent, na sha jin mutane suna zaton cogent reason uzurin gaggawa ne saboda sautin ya yi kama, alhali ko kusa. Asalinta Latin ne, cogere, wato a koro abubuwa a tara su wuri guda, ko a tilasta, a ƙarni na 17 ta shiga Turanci. Ni kullum makiyayi take tuna min, ya tare shanu ta nan ya tare ta can har sai sun bi hanya ɗaya, to haka irin wannan hujja ke yi wa tunanin mai saurare, ba ta bar masa kafar zillewa. Mu gamsasshiyar hujja muke cewa, ko ƙwaƙƙwaran dalili.

Ta sha bamban da persuasive fa. Mai tallan magani a tasha persuasive ne, da daɗin baki zai saye ka har ka zaro kuɗi, amma in ka ce ina shaida sai ya kama kame-kame. Shi ya sa lauyoyi da alƙalanmu ba sa rabuwa da cogent evidence a kotu. Da reason ko argument ko evidence take tafiya, kar ka ce I am cogent kana nufin na gamsu, wannan I am convinced ne.

Kai yanzu ka bar dogon Turanci da magiya, wallahi ba shi oganku ke nema ba. Ka ce Hajiya aka kwantar a asibiti, to rubuta ranar da aka kwantar da ita da ranar da aka sallame ta, ka maƙala katin asibiti da rasit ɗin magani, layi 4 ma sun isa. Allah ya ƙara mata lafiya, ka gaishe min da ita.