Koke Kan Hayaƙin Motocin da ke Lodi a Jikin Islamiyyar Unguwarmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci da Mai Unguwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, muna miƙa gaisuwa irin ta 'ya'ya ga ubansu. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya. Tura ce ta kai bango, shi ya sa muka kawo kuka ƙofarka.

Ranar Talatar da ta wuce, da sassafe, wata tifa ta tsaya a jikin tagar Islamiyya, salansarta na fuskantar ajin yara. Direban ya bar ta a kunne ya tafi shan shayi, wai inji ya yi ɗumi, yaron motar kuma ya zauna yana taka totur, baƙin hayaƙi na turnuƙe ajin. Kusan awa guda ana haka. Wata yarinya 'yar shekara 8 mai ciwon asma ta yanke jiki ta faɗi, numfashi ya gagara, aka kwashe ta sai asibiti. Kwana biyu ta yi. Da malaminsu ya fita ya yi magana, cewa aka yi hanya ta gwamnati ce. Allah ya taimake ka, yarinyar fa, ta waye?

Tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013 adaidaita sahu suka ƙaru, bakin layinmu ya koma tasha. Ba mu ƙi sana'ar kowa ba, cikinsu akwai ƙannenmu. Halin tuƙin muke kuka da shi: a bar inji na aiki ana jiran fasinja, a fizgi mota a ƙwace burki, a yi lodin da ya fi ƙarfin inji. Kanikawan unguwa sun ce shuɗin hayaƙi alamar baƙin mai ne ke ƙonewa saboda ringi ya cinye, baƙi kuma man gas ne da bai gama ƙonewa ba, galibi don nozul ko matatar iska ta toshe. Duk abin gyara ne. Mafi muni, motoci da yawa an cire musu abin tace hayaƙin da ake kira indomi an sayar. Sannan akwai gubar da ba ta da launi ba ta da wari, sai ciwon kai da jiri. Da hunturu hayaƙin ba ya tashi sama, a tsakar gidajenmu yake kwanciya, har kan ƙosai da kokon da yara ke saye.

Mun yi magana, ranka ya daɗe. Dattawa sun je, an zauna a masallaci, an sake zama, an ɗauki alkawari, ba ya wuce mako.

Muna roƙon ka kira shugabannin direbobi gabanka, a matsar da wurin lodi daga jikin makaranta. Duk wanda zai tsaya jira ya kashe inji. A taimaka mana da wasiƙa zuwa KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano, da jami'an duba lafiyar motoci, su riƙa tsayar da masu fitar da hayaƙi har sai sun gyara. Tifofi su daina kwana a layin. Kuma don Allah, ko ba a yi komai ba, a fara da kashe injin nan a bakin Islamiyya, domin mahaifin yarinyar ya ce ba za ta koma ba sai ya ga an ɗau mataki, wasu iyayen ma sun fara bin sahunsa.

Allah ya ja zamanin Hakimi.

Mu ne talakawanka,
Iyayen yara, malamai da dattawan unguwa.