Wasiƙa daga Tawa zuwa ga ɗana da ke Yamai

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina sanar da kai cewa innarka da ƙannenka duk suna nan lafiya kuma suna gaishe ka, saƙon da ka aiko ta hannun direba ma ya iso, Allah ya yi albarka. Ba don saƙon na ɗauki alƙalami ba. Na rubuto ne saboda maganar da ba ta yiwuwa ta salula, domin kwanakin nan duk lokacin da na kira ka bayan isha'i sai in ji harshenka ya yi nauyi, kana jan kalma tana ƙin fita, in na tambaya ka ce gajiyar aiki a kasuwar Katako ce.

Ɗan gwaggonka da ya sauka wurinka lokacin da ya kai albasa ya dawo mini da labarin da bai so ya faɗa ba. Kada ka riƙe shi a zuciya, ni na matsa masa har ya buɗe baki. Ya ce kana haɗiyar ƙwaya da safe kafin ka fita, ka ƙara da azahar, da dare kuma ka sha wadda ta fi, kuma akwai daren da ya yi ta girgiza ka don sallar asuba ba ka motsa ba sai da rana ta ɗaga. Ya tsinto mini katin maganin da ka shanye ka jefar, na kai wa majo Abdu, wanda ka san ya yi aikin likita tun ba a haife ka ba, ya sa tabarau ya karanta, ya daɗe bai ce komai ba.

Na san asalin abin. Na san bayanka ya riƙe tun ranar da buhun siminti ya kuɓuce maka, na san likita ne ya rubuta maka maganin sakin jijiya na ƴan kwanaki, kuma ban ga laifinka ba a nan, ban ga laifin likitan ba. Amma ga abin da majo ya bayyana mini, ina so ka karanta shi a natse. Sunan maganin carisoprodol. Ba ya zuwa wurin naman da ya ɗaure ya kwance shi yadda kake zato. A ƙwaƙwalwa da lakar baya yake aikinsa, ya kashe kaifin saƙon da ke kai ciwo, ya saukar wa mutum da kasala da barci. Idan ya shiga hanta sai ta mayar da wani sashensa wani sinadari da ake kira meprobamate, tsohon maganin kwantar da hankali da aka yi yayinsa tun shekarun 1950 kafin a gane yadda yake kama mutum. Saboda haka ne ba a yarda a sha shi fiye da mako biyu zuwa uku ba, domin bayan nan jiki yakan saba, ƙwaya ɗaya ta daina isa, sai biyu, sai uku. Hukumar magunguna ta ƙasashen Turai ta ba da shawarar a dakatar da sayar da shi tun 2007, kuma a watan Maris na 2025 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta sa shi cikin jerin magungunan da ake sa wa ido a duniya baki ɗaya. Kai kuma damina ta wuce, kaka ta wuce, har ga sanyi ya shigo kana kan sha.

Abin da ya sa majo ya yi shiru shi ne suna na biyu da ya gani a jikin katin, wato tapentadol, ɗan'uwan tramol ɗin nan da ya lalata samarin unguwa, har ma ya fi shi ƙarfi. A watan Fabrairu na 2025 sashen binciken BBC ya fallasa wani kamfani a birnin Mumbai na Indiya da ke haɗa waɗannan biyun a ƙwaya guda yana turo su Gana da Najeriya da Kodibuwa, haɗin da babu ƙasar da ta ba shi lasisi, har gwamnatin Indiya ta hana yin sa da fitar da shi. Abin da ya shiga Najeriya kuwa ba ya neman izinin kowa kafin ya ƙetaro ta Ƙonni ko Maraɗi.

Ɗana, ba kuɗin da kake zubarwa ke hana ni barci ba, ba surutun mutane ba, ba ma tsoron ranar da jami'an OCRTIS masu yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi za su tare ka da ƙwaya a aljihu ba, ko da yake wannan ma abin kunya ne da gidanmu bai taɓa gani ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a ƙirji. Majo ya ce kowanne daga cikin magungunan nan biyu yana danne wurin da ke tafiyar da numfashi a ƙwaƙwalwa, idan suka haɗu sai dannewar ta ninku, kuma a cikin barci abin yake faruwa: numfashi ya yi ta raguwa, ya yi ta nisa tsakaninsa, mutum bai sani ba, bai ji zafi ba balle ya yi kira, wani kuma amai ne zai taso masa yana kwance rigingine ya shaƙe shi. Kai kaɗai kake kwana a ɗakin nan, kuma na san halinka na kulle ƙofa ta ciki. Wa zai ji? Wa zai ɓalle ƙofar kafin gari ya waye? Mutuwa dai dole ce, ban isa in hana ta ba, kuma na binne waɗanda suka fi ka ƙuruciya. Amma in ɗana ya tafi cikin maye, hankalinsa ba ya jikinsa, babu wanda ya laƙƙana masa kalmar shahada, shi ma bakinsa bai iya furta ta ba, wannan ne ba na jin zan iya ɗauka. Ka tuna abin da muka gani a gidan Baffa Idi shekarar ambaliya, ka tuna yadda matarsa ta koma bayan nan. Kullum na tashi sallar dare sai in duba salula, in ga ko wata baƙuwar lamba ta Yamai ta kira.

Kuma kada ka sake ce mini likita ne ya rubuta. Takardar likita ta ƴan kwanaki ce, kwanakin sun ƙare tuntuni, kuma wanda kake saye wurinsa yanzu yaro ne mai yawo da faranti a ka cikin rana, bai san sunan abin da yake sayarwa ba sai launinsa. Kai da ka yi lakwal har ka iya karanta Faransanci, ka zauna kana karɓar magani daga hannun wanda ba ya iya karanta katinsa! Ina iliminka ya tafi? Ina sallar asuba da tun kana ɗan shekara 7 ba ka yarda ta wuce ka?

Innarka ta ce ni na ɗora maka kaya, wai gyaran katanga da kuɗin lakwal na ƙannenka su suka sa ba ka iya hutar da bayan. Ban karɓi wannan magana ba, na kuma gaya mata. Babu Ba'adare da bai san cin rani ba. Ni ma na yi dako a kasuwar Ajame ta Abijan ina aiko wa kakanka, bayana ya yi ciwo har na kasa ruku'u, ban nemi komai ba sai goro da shayi da haƙuri. Ban taɓa yanka maka adadin da za ka aiko ba, kuma da ka ce mini ba ka iyawa da na sayar da ragon nan na rufe bakin kowa. Ɓoyewar da ka yi ita ta fi ƙona mini rai.

Duk da haka na san zamaninku ba namu ba ne, mu ba a bi mu har wurin aiki ana miƙo mana ƙwaya a farashin kofin shayi ba. Na kuma fahimci cewa yanzu ba don daɗi kake sha ba, jikinka ne ke nema, kuma wanda abin ya kama ba ya fita da faɗa. Saboda haka ban ce ka zuba su a masai yau ba. Majo ya yi mini kashedi mai ƙarfi cewa wanda ya daɗe a kai idan ya yanke farat ɗaya yakan kasa barci, jiki ya yi ta rawa, amai ya taso, ya riƙa ganin abin da babu, wani har jijjiga irin ta farfaɗiya ta kayar da shi. A hankali ake ragewa, kuma likita ne ke tsara yadda za a rage, ba kai ba, ba ni ba.

Na yi magana da kawunka na unguwar Bukoki. Ranar Litinin zai zo ya ɗauke ka ku tafi Babban Asibitin Ƙasa, a duba bayan da kyau, a kuma haɗa ka da masu kula da irin wannan lalura. Idan sun tura ka sashen asibitin da ake kira Pavillon E kada ka noƙe don mutane suna cewa wurin mahaukata ne. Likitocin ƙwaƙwalwa ne a can, kuma wannan aikinsu ne. Ka tafi da katin, ka faɗi gaskiyar adadin da kake sha a yini ba tare da ragewa don kunya ba, ka faɗi duk abin da kake haɗawa da shi, ko tramol ne ko ƙwayar barci, domin a kan abin da ka faɗa za su yi lissafi. Daga daren da wasiƙar nan ta same ka ka kwashe tabarmarka ka koma gidan kawun, ka kwana ɗaki ɗaya da yaransa, ƙofa ba kulle. Na gaya masa in ya ji minsharinka ya sauya, ko ya ga leɓɓanka sun yi duhu kuma ba ka tasuwa, ya juya ka ta gefe ya nemi mota nan take, kada ya jira safiya. Babur ɗin abokinka ma ka daina hawa har sai likita ya yarda.

Kada ka aiko da ko dala har ka warke, katanga ta jira. Innarka ba ta san zancen numfashin nan ba, na ce mata ciwon baya ne ya tashi, kai ma kada ka gaya mata ta salula. Ka kira ni ranar Litinin da kun fito daga wurin likita, da rana, ina so in ji muryarka kafin ka sha komai.

Allah ya ba ka lafiya, ya tsare ka.

Mahaifinka,
Tawa.