Saura Mako Takwas: Wasiƙa Zuwa Ga Abokan Cinikinmu

Ya ku iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu masu hulɗa da wannan ɗan shago namu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Muna fata kuna lafiya, ku da iyalanku da ayyukan da ke hannunku.

Yau saura mako takwas cif a yi Kirsimeti. Mun rubuto tun yanzu, kafin shagon ya cika ya batse, saboda akwai maganar da muke so mu yi da ku a natse, kuma da zarar Disamba ta kama babu sauran mai natsuwar sauraro, daga mu har ku. Maganar ba ta da tsawo: ku fara aikinku yanzu, kuma ku rage yawan abin da kuka ɗauro. Ulu da kwarashi, kaki da lagwani, gam da fenti, duk suna nan a kan kanta, ko ranar jajibiri kuka zo za ku samu. Amma makonnin da sabulu yake so kafin ya nuna, da dararen da saƙa take ci, waɗannan ba mu da su na sayarwa.

Za mu fara da namu laifin. Bara mun ci gaba da karɓar aikin da ake ba mu mu yi da hannunmu har tsakiyar Disamba, alhali mu huɗu ne kawai. Kunya ta hana mu cewa a'a ga mutanen da muka daɗe tare. Abin da ya biyo baya bai yi mana daɗi ba. Kyandirori sun fita daga hannunmu ba mu gwada kunna ko ɗaya daga cikinsu ba, har wata baiwar Allah ta dawo mana da nata, lagwanin ya nutse cikin kaki tun a daren farko. Wani bargon jariri da wata kaka ta ba mu mu saƙa wa jikanta bai isa hannunta ba sai bayan biki da kwana biyu. Ba ta yi mana faɗa ba, godiya ma ta yi, kuma wannan godiyar ce ta fi tsaya mana a rai. Duk wanda muka ɓata wa bara, muna roƙon gafararsa. A bana za mu rufe karɓar irin wannan aiki ranar 20 ga Nuwamba, ko kafin nan idan littafinmu ya cika. Wanda ya zo bayan haka za mu sayar masa da kayan aiki, mu nuna masa yadda zai yi, amma ba za mu ɗauki alkawari ba.

Ku da kuke yi da kanku a gida, ga abin da shekaru suka koya mana: kada ku fara da aikin da ya fi burge ku, ku fara da wanda ya fi daɗewa kafin ya bushe ko ya nuna. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Sabulu ne a gaba. Wanda ake haɗawa da mai da soda mai ƙuna (kostik soda) ba tare da an dafa ba yana buƙatar mako huɗu zuwa shida bayan an yanka shi, a jere a inda iska take ratsawa, ana juya shi lokaci-lokaci. A wannan zaman ne ruwan cikinsa yake fita, ya yi tauri, ya yi laushi a fata, ya kuma daɗe ba ya narkewa. Ku lissafa da kanku: mai son mako shida cikakku dole ya yanka nasa kafin 13 ga Nuwamba. A auna komai da sikeli, ban da kofi ko cokali, domin kowane irin mai da adadin sodar da yake ci. Soda ake zubawa a cikin ruwa sannu a hankali, ba a zuba ruwa a kan soda, don yana iya tafasowa ya fallatso wa mutum a fuska. A sa safar hannu da tabarau, a buɗe taga, a nisanta yara, kuma kada a yi amfani da mazubin alminiyam, soda tana cin sa. Wanda ya makara kada ya yi ƙarfin hali ya ba mutane ɗanyen sabulu. Muna da wanda aka riga aka haɗa, narkawa kawai ake yi a zuba a mazubi, a rana ɗaya an gama.

Sai saƙa, wadda ita ce ta fi yaudarar mutane. Idan kika zauna a nan shago kina shafa ulu, sai ki ga kamar rigar sanyi ta babban mutum aikin 'yan kwanaki ce. Mu da muke saƙa kullum mun san ta makonni ce, balle ga mai aiki da rana, sai dare take samun zama. Hula da safa da mayafin wuya su ne abokan mai ƙaramin lokaci. Abu biyu muke roƙon ku. Na farko, ku sayi duk ulun da aikin zai ci a lokaci guda. A jikin takardar kowane ƙulli akwai lambar rini, wato lambar tukunyar da aka rina shi. Ƙulli biyu masu launi ɗaya da suna ɗaya, idan lambar rininsu ta bambanta, a hasken shago ba za ku ga komai ba, amma ranar da aka sa rigar a rana sai ga layi ya fito a ƙirji kamar an ja da alli. Ku ƙara ƙulli ɗaya a kan lissafinku. Idan bai shiga aiki ba, ku dawo mana da shi da takardarsa kafin ƙarshen Janairu, za mu karɓa. Na biyu, kafin ku ɗora aikin, ku saƙa ɗan gwaji mai faɗin santimita 10 da tsawon santimita 10, ku wanke shi, ku ƙirga idon saƙar da ke ciki. Hannun kowa da irin damƙarsa. Mun san wannan gwajin yana da gundura, amma gara a ɓata dare ɗaya da a warware aikin mako uku.

Kyandir kuwa, tunda a nan muka faɗi bara, bari mu ɗan tsaya a kansa. Kakin zuma yana narkewa a zafin digiri 62 zuwa 64 a ma'aunin Salshiyos, kakin waken soya ƙasa da haka. Ko wanne ne, ba a ɗora shi kai tsaye a kan wuta. A sa shi a gwangwani, a sa gwangwanin a tukunyar ruwan zafi, a tsaya a kansa. Idan kaki ya kama wuta, a kashe murhu a rufe da murfi. Ruwa ba ya kashe shi, watsa shi yake yi. Asirin kyandir mai kyau yana ga lagwani. Idan ya yi wa kwalbar ƙanƙanta, wutar za ta haƙa rami a tsakiya ta bar kaki a gefe, har ta nutse ta mutu. Idan ya yi girma, sai hayaƙi da baƙin tabo, kwalbar ta yi zafin da zai iya fasa ta. Ba a gane wannan da ido, sai an kunna. Don haka idan goma za ku yi, ku yi ɗaya tukuna, ku bar shi ya huta, ku kunna shi ku zauna ku kalla. Na soya mai turare yana son mako ɗaya zuwa biyu a rufe kafin ƙamshinsa ya zauna sosai. Busassun ganye da furanni da ake barbaɗawa a sama suna da kyau a hoto, amma makamashi ne kusa da wuta, mu dai mun daina sa su. Kuma idan za ku bayar, ku haɗa da 'yar takarda da rubutun hannunku: a rage lagwani ya zama kamar milimita 6 kafin kowane kunnawa, a bar shi a karon farko har narkewar ta kai bakin kwalba, kada ya wuce awa huɗu yana ci, kada a bar shi a ɗaki babu kowa.

Masu gyaran gida, naku ba shi da wuyar faɗa. Fentin falo a gama shi a Nuwamba, warinsa ya fita kafin baƙi su zo, kuma shafi biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri. Yadin auduga yana tsukewa a wankin farko, a wanke shi a goge kafin a sa almakashi, in ba haka ba labulen da ya taɓa ƙasa yau zai ɗage gobe. Gam ɗin katako yana kamawa da wuri, amma a ba shi kwana guda kafin a ɗora masa nauyi. Yumɓun da yake bushewa da iska yana son kwana ɗaya zuwa uku gwargwadon kaurinsa, kuma a huda ramin rataya tun yana ɗanye.

Aikin takarda shi ne na ƙarshe, shi ne kuma na yara. Katin Kirsimeti na farko da aka buga don sayarwa ya fito ne a Landan a 1843, lokacin da Henry Cole ya sa mai zane John Horsley ya tsara masa. Guda dubu aka buga, kuma da hannu aka shafa wa kowanne launi. Muna faɗa wa yaran da suke zuwa nan wannan labari don su san katin da suka shafa wa fenti da yatsunsu bai kauce hanya ba, daga nan abin ya faro.

Akwai wani labarin da ya fi wannan zama a zuciyarmu, shi ne ma ya sa muka ce ku rage. A birnin Hambug na Jamus an yi wani malamin addinin Kirista mai suna Johann Hinrich Wichern, wanda ya buɗe gidan renon yaran talakawa a 1833. Kullum yaran suna damun sa da tambayar saura kwana nawa Kirsimeti. A 1839 sai ya ɗauko tsohuwar ƙafar keken doki, ya jera kyandirori a kanta, ƙanana na ranakun mako, manya huɗu na ranakun Lahadi, ana kunna ɗaya kowace rana, yara suna ƙirgawa da idonsu. Daga wannan ƙafar keke ne zoben ganye mai kyandir huɗu ya samo asali, wanda yau ake gani a majami'u da gidaje a ƙasashe da yawa a Lahadi huɗun da suke gabanin Kirsimeti. Mutumin nan bai je neman wani abu mai tsada ba. Abin da yake yashe a kusa da shi ya ɗauka, abu ɗaya ya yi, kuma don wasu yara da ya san sunayensu ya yi shi. Duk shekara muna ganin mutum ya shigo da takarda mai sunaye ashirin, kowa da kyautar da za a yi masa da hannu. Zuwa 20 ga Disamba sai mu gan shi idanu sun yi ja, babu abin da ya kammala, har ya fara jin haushin mutanen da ya so ya faranta wa. Mun san shagon da yake sayar da kayan aiki ba ya ƙaruwa da cewa a sayi kaɗan, amma mun fi son ku zaɓi mutum uku ko huɗu, ku yi musu abin da za ku miƙa ba tare da kuna ba da haƙuri ba. Sauran a rubuta musu kati, a kai musu ziyara. Kafin ku zo wurinmu ma, ku buɗe akwatunanku: ragowar ulun bara, tsofaffin maɓallai, kwalaben da aka wanke, ƙyallayen da suka rage daga ɗinki. Sau da yawa rabin abin da kuke nema yana gida.

Iyaye mata da maza, ga roƙo game da ƙanana. Duwatsun ado da maɓallai da idanun 'yar tsana da ake liƙawa ba na gidan da yake da yaro ɗan ƙasa da shekara uku ba ne. Idan abin wasa za ku saƙa wa jariri, ku ɗinka idanun da zare. Ƙaramin batir mai kama da kwabo da yake cikin wasu fitilun ado yana da haɗari ƙwarai: idan yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙogwaronsa cikin 'yan awanni, don haka asibiti za a nufa nan take, ba a jira a ga alama. Shi ya sa fitilun da muke sayarwa bana duk masu murfin batir ne da ake ɗaurewa da sukuru. Bindigar gam mai zafi a hannun babba take zama, yaro a ba shi farin gam da buroshi.

Daga Asabar mai zuwa har Asabar ta biyu a Disamba, kowace Asabar za mu ware babban teburin da ke bayan shago daga ƙarfe goma na safe zuwa ɗaya na rana. Wadda saƙarta ta rikice ta kawo, wanda kyandirinsa yake hayaƙi ya zo da shi da kwalbarsa mu duba lagwanin tare. Ba sai a wurinmu kuka sayi kayan ba. Za a sa kwando a bakin ƙofa, mai ragowar zare ko yadi ya ajiye, mai buƙata ya ɗauka. Wurin zama na mutum takwas ne, don haka ku sanar da mu tun ranar Juma'a idan za ku zo. Ranar 24 ga Disamba za mu rufe da ƙarfe biyu na rana, domin mu ma mu koma ga iyalanmu, sai 2 ga Janairu mu buɗe idan Allah ya kai mu.

Allah ya sa albarka a hannuwanku, ya kai mu lokacin lafiya.

Naku a kullum,
mu huɗun da kuka saba gani a bayan kanta.