Barka da Kirsimeti daga Roma

Roma, 25 ga Disamba

Mama da Baba,

Barkanku da Kirsimeti, da fatan an sauko daga sujada lafiya. Ni ma lafiya ƙalau nake, sai sanyi, sai kuma kewarku da ta tashe ni tun asuba.

Da tsakar rana na je dandalin Bitrus Mai Tsarki, na ga Paparoma ya fito yana sa wa duniya albarka, jama'a ba masaka tsinke. Na ji daɗi ƙwarai. Amma ana watsewa kowa ya shige gidansa ya ja ƙofa. Mama, ko yaro ɗaya ban gani da kwano a kai ba.

Kwanon nan ne ya tsaya mini a rai. Na san yanzu kin gama zuba shinkafa a kwanukan samira, kin malala miyar kazar gida, irin wadda sai an yi kokawa da ƙashinta. Auta na tsaye da sabon ɗinki tana jira a ɗora mata na gidan liman. Hajiya ba ta taɓa maido mana kwano haka nan ba, kuma da Babbar Sallah naman layyarsu ya riga na kowa shigowa gidanmu. A nan kifi aka ci daren jiya, yau kuma wani burodi mai zabibi da suke kira panettone. Yana da daɗi, amma a teburin gida ya fara, a nan ya ƙare, maƙwabci bai san an yanka ba.

Tsohuwar da nake kula da ita malamar tarihi ce a da. Da na ba ta labarin kwanukanmu, sai ta ce kakanninsu ma haka suke. Ta sa na tura ta a kekenta har tsohon dandalin Rumawa, ta nuna mini ginshiƙai 8 da suka rage na haikalin Saturn, wani abin bautarsu na da. Bikinsa, Saturnaliya, yakan fara ran 17 ga Disamba, daga baya ya miƙe har 23. A rufe kotu da makaranta, a yi walima a fili, a yi ta aika wa juna kyandir da 'yan mutum-mutumin yumɓu. Abin da ya fi taɓa ni, a kwanakin nan bawa yakan zauna cin abinci, maigida na yi masa hidima.

Baba, na san za ku tambaya ko daga bukukuwan Rumawa aka samo ranar Kirsimeti. Wata kalandar Roma ta shekarar 354 ta nuna haihuwar Almasihu ran 25 ga Disamba, ranar da ake bikin Rana, abar bautar Rumawa, wadda Sarki Aureliyan ya gina wa haikali a 274. Wasu masana sun ce da gangan ikilisiya ta zaɓi ranar, wasu sun ce wata 9 aka ƙirga daga 25 ga Maris. Bangaskiyata na nan daram. Ni dai kyautar da kyandir ɗin na gani sun wanzu a garin nan, buɗaɗɗiyar ƙofar kuwa tana gidanmu a Wusasa.

Ku gaishe mini da Kaka, ku gaishe ta da kyau, a sa mata hanta da ƙundu a nata kwanon, a ce mata zanen da ta ba ni shi na ɗaura yau ƙarƙashin rigar sanyi. Auta, kada ki kashe kuɗin yawonki duka a alewa, ki kuma turo mini hoton ɗinkin. Ina gaida Yaya da matarsa da jaririn da ban taɓa ɗauka ba. Hajiya da duk mutanen gidan liman, gaisuwa mai yawa. Goggo, Kawu, 'yan ƙungiyar zumuntar mata, da sauran dangi.

Ku ci gaba da sa ni a addu'a.

'Yarku