Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin jigilar da ya auna min asarata da sikelin buhu

Zuwa ga Shugaban Kamfani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, Yallaɓai, na fito da wannan magana bainar jama'a ne saboda na gaji da zaryar ofishinku na Kano. Sau huɗu ina zuwa, yau a ce manaja ya fita, gobe a ce ana jiran amsa daga sitonku na Ingila. Ban kama sunan kamfaninku ba, kun dai san kanku, lambar kayan kuma tana cikin saƙonnin WhatsApp da aka karanta aka yi min shiru.

Shekara uku ke nan muna hulɗa. Littattafai, kayan gyaran mota, har keken ɗinkin uwargida, duk ku kuka kawo su lafiya lau. Shi ya sa da na ci gwanjon wasu tsofaffin kuɗin azurfa guda uku a Landan, ban yi wata-wata ba na ba da adireshin sitonku. Na rubuta ɓaro-ɓaro cewa kada a buɗe ambulan ɗin, kada a sake masa ɗauri. Na biya ƙarin kuɗin da kuke karɓa a kan kaya masu saurin fashewa. Rasit yana hannuna.

Tunda yaranku ba su san abin da suka taɓa ba, bari in faɗa muku. Girkawan da suna da kuɗin azurfa mai suna dirakma, wanda daga gare shi aka samo kalmar dirhami da muke ji a karatun zakka. A ma'aunin birnin Atina nauyinsa ya ɗan haura giram 4. Ana raba shi gida shida, kowane kaso sunansa obol, sannan a sake raba obol gida huɗu a sami ɗan mitsitsin da ake kira tetartemoriyon. Nauyinsa wajen giram 0.18 ne, faɗinsa milimita 5 zuwa 6, kamar ƙwayar dawa da aka take. Sai an tara 24 kafin a yi dirakma guda, wato ladan yinin mai aikin gini a Atina a ƙarshen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ba don ƙwalisa aka yi su ƙanana ba. A lokacin darajar kuɗi tana cikin ƙarfensa, kuɗin tagulla kuma bai yaɗu ba tukuna, don haka canjin cefane dole ya zama ɗan ɗigon azurfa. Tufafinsu ba su da aljihu, sai mutum ya jefa canjinsa a kunci ya kama hanyar kasuwa, har a wasanninsu na barkwanci akwai wanda ya haɗiye nasa ya koma gida da jaka wayam. Irin waɗannan nake tarawa shekara da shekaru, ina ɗaukar su da matsefata, ina auna su da sikelin maƙeran zinariya.

Ukun da na saya duk daga garuruwan yammacin Turkiyya ta yau suke. Na farko na Afisa ne, ƙudan zuma a fuska ɗaya, kan gaggafa a ɗaya fuskar. Idan ka sa gilashin ƙara girma sai ka ga fukafukan ƙudan nan, ka rasa da wane ido mutum ya sassaƙa su a zamanin da babu tabarau. Na biyu na Kolofon ne, wanda aka haɗe haruffan T da E a bayansa, farkon sunan kuɗin ke nan, don kada mai kasuwa ya rikita shi da rabin obol. Na uku yana da kan zaki da wani ɗan tsuntsu a tsaye, kuma har yau masana na saɓani a kan ko na Militus ne ko na Milasa. Shi na fi ƙwallafa rai a kai.

Mai gwanjon ya yi nasa. Hoton da ya turo kafin ya rufe ambulan ya nuna kowane ɗaya a cikin 'yar jakarsa ta roba, da katinsa, an kuma matse su tsakanin kwali biyu. Ma'aikacinku ne, wai don a rage wuri, ya farke ambulan, ya zubar da kwalin da jakunkunan da katunan, ya jera kuɗin a kan salatif ya manna a cikin bangon wani littafina, ya danna cikin babban kwali tare da sauran littattafai.

Da na buɗe a gida, biyu na gani a jikin salatif ɗin, da wani ɗan zagayayyen tabo a inda na ukun ya zauna. Ni da ɗana muka shimfiɗa farin zanen gado a tsakar ɗaki, muka kashe fanka, muka girgiza littattafan nan shafi-shafi. Ƙurar gindin kwalin ma sai da muka tankaɗe ta da rariyar uwargida, tana tsaye a bakin ƙofa tana kallon ikon Allah. Mai kan zaki ya yi ɓatan dabo. Na Afisa kuwa ya rabu biyu, tsagar ta bi ta tsakiyar ƙudan zuman. Azurfar da ta shafe shekara sama da 2,400 ba ta lanƙwasuwa irin ta awarwaro, cikinta yakan bushe ya zama kamar ƙanzo, nauyin littafi ɗaya ya isa ya karya ta. Na Kolofon ne kaɗai ya tsira, shi ma danƙon salatif ya ɗebe masa baƙin shafin nan da shekaru suka yi masa, ya bar shi da dabbare-dabbare.

Katunan da aka watsar ba shara ba ne. Ɗaya daga cikinsu rubutun hannun wani tsohon mai tarawa ne, da ke nuna kuɗin yana wurinsa tun shekarun 1960. Tun bayan yarjejeniyar UNESCO ta 1970 a kan fataucin kayan tarihi, irin wannan takarda ce shaidar cewa ba jiya aka haƙo abu aka yi fasa-ƙwaurinsa ba, Turkiyya kuma ba ta wasa da bin sawun kayanta. Yanzu hoto kawai ya rage min.

Duk wannan da an ce min an yi kuskure, a yi haƙuri, da wataƙila na haɗiye. Abin da ya ƙona min rai shi ne zuwana na biyu, da mataimakin manaja ya leƙa gutsattsarin a tafin hannuna ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, a kan wannan kake ta da jijiyar wuya? Ai ko anini bai kai ba." Gaskiyarsa, aninin Turawa mai huda a tsakiya ya ninka shi faɗi sau uku har da ɗoriya. Daga nan ya jawo takardar sharuɗɗanku ya nuna min cewa diyyar kayan da ya ɓata da kilo ake lissafa ta. Ya danna kalkuleta, abin da ya fito bai kai kuɗin ruwan leda guda ba.

To Yallaɓai, mu yi lissafin tare. Sai an tara irin wannan kuɗi sama da 5,500 kafin su cika kilo guda. Ukun gaba ɗaya da ƙyar suka haura rabin giram. Amma ranar karɓar kuɗina, kilo guda cur kuka caje ni a kan ambulan ɗin shi kaɗai, kuka ce ƙasa da haka ba kwa lissafi. Ashe sikelinku yana ganin giram, sai dai ranar da ku za ku biya. Sannan sharaɗin kilo ya shafi kayan da ya salwanta a hanya ne. Nawa a kan teburinku aka buɗe shi, bayan na rubuta kada a buɗe, na kuma biya don kada a buɗe.

Abin da nake nema ba shi da yawa. A biya ni kuɗin mai kan zaki da na Afisa yadda yake a takardar gwanjo, wadda na ba ofishinku kwafinta tun zuwan farko, a kuma mayar min da ƙarin da na biya na kula ta musamman da ba a yi ba. Ina son amsa a rubuce, da sa hannun wanda ke da ikon yanke magana, cikin mako biyu. In ba haka ba zan kai takarduna gaban hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ba don ina son doguwar magana ba.

Kafin nan ina roƙon alfarma ɗaya. A sa wani ya durƙusa da tocila a ƙarƙashin teburin da ake ɗaure kaya a sitonku na Ingila, ya duba tsagar daɓe, da gefen naɗin salatif, har da ƙasan takalman masu aiki a wurin. Baƙi-baƙi ne, ba ya ƙyalli, zai yi kama da ɗan tsakuwa. Idan ya ga wani abu mai kan zaki a fuska ɗaya da tsuntsu a ɗaya fuskar, kada ya goge shi, kada ya sa masa salatif. Ya naɗe shi a 'yar takarda, a kira ni.

Wassalam.

Naku,
Wani abokin cinikinku daga Kano